Damina, Manyan Motoci da Maɓallin da Samarinmu Ke Kashewa

Wata Alhamis cikin watan Agusta, bayan La'asar, ɗan ƙanwata ya zo ɗaukata a Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, zai kai ni gida. Tun muna gaisawa hadari ya haɗo daga gabas, kafin mu bar unguwar ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Motarsa ta kwatano ce mai silinda shida, irin wadda ƙafafun baya ke turawa. Shekara biyu ya yi yana tara kuɗinta daga sana'ar sayar da waya. Yaro ne natsattse, ba ya shaye-shaye, ba ya cikin masu wasan mota ranar ɗaukar amarya. Shi ya sa abin da ya yi ya tsaya mini a rai.

Muna fitowa daga wani shataletale ya taka totur. Sai motar ta ɗan yi jim kamar an riƙe mata riga, wata 'yar wuta mai ruwan ɗorawa ta shiga ƙiftawa a gabansa, mai hoton mota da layuka biyu a karkace a ƙarƙashinta. Ya ja tsaki, ya miƙa hannu ya danna wani maɓalli.

Na ce, "Me ka kashe?"

Ya ce, "Kawu, wannan abin ne ke riƙe mani mota. Da an yi ruwa sai in taka ta ƙi tashi. Abokaina duk kashe shi suke yi."

Na ce, "Mayar da shi yadda ka same shi, ko ka sauke ni nan in shiga Keke Napep."

Ya mayar, amma don ni kawunsa ne, ba don ya gamsu ba. Na ga haka a fuskarsa.

Kwana biyu ina tambayar masu motoci a majalisarmu da garejin da nake kai tawa. Wasu ba su ma san motarsu na da wannan na'ura ba. Wasu sun sani, suna kashe ta da gangan. Mafi yawa kuwa tasu ta daɗe da mutuwa, wutar gargaɗi na kunne dare da rana har ido ya saba da ita.

Ra'ayina a kan wannan ba shi da kwana-kwana. Duk wanda ya kashe na'urar hana zamewa a kan kwalta mai ruwa, ko ya bar ta a lalace yana yawo da mota mai ƙarfi cikin damina, caca yake yi, kuma ba da ransa kaɗai ba. Haka nan wanda ya bar ta a kunne amma ya ɗora mata suɗaɗɗun tayoyi yana tsula gudu, shi ma bai tsira daga laifin ba.

Abin da wutar nan ke faɗa

Duk girman mota, abin da ke taɓa ƙasa bai wuce wuri huɗu ba, kowanne kamar faɗin tafin hannu. Ta nan take tashi, ta nan take tsayawa, ta nan take shan kwana. Idan ruwa ya shiga tsakanin roba da kwalta, riƙon ya ragu, amma ƙarfin injin yana nan yadda yake.

Kowace ƙafa tana da 'yar sensa da ke ƙirga juyawarta tana kai wa kwamfutar mota rahoto. Idan ƙafar da injin ke turawa ta fara juyawa fiye da sauran, kwamfuta ta gane ba tafiya take yi ba, sulɓi take yi a wuri ɗaya. Nan take sai ta rage wa injin wuta, ta ɗan matse birkin wannan ƙafar ita kaɗai, har ta sake kama ƙasa. Wannan ita ce masu gyara ke kira tarakshan.

Tana da babbar yaya, wadda Mercedes ke rubuta wa ESP, Toyota da Lexus VSC, Honda VSA, BMW kuma DSC. Ita wannan tana duba inda direba ya karkata sitiyari, ta kwatanta da inda motar ta nufa a zahiri. In bayan mota ya fara wutsiya zai zagayo gaba, sai ta taka birkin ƙafa ɗaya tak ta miƙar da ita. Ga abin lura a nan: direba feda ɗaya gare shi ta birki, in ya taka, ƙafafu huɗu ya taka. Babu gwanin da aka haifa da zai iya taka birkin ƙafar gaba ta hagu ita kaɗai cikin ƙiftawar ido. Na'urar tana yin aikin da hannu da ƙafar ɗan Adam ba su da hanyar yi.

Saboda haka in wutar tana ƙiftawa, aiki take yi, cewa take yi tayarka ta saki ƙasa. In kuwa ta tsaya cak a kunne ba ta mutuwa, to an kashe ta ko ta lalace. Mutane da yawa sun juya abin: ƙiftawa ce ke tayar musu da hankali, tsayawa cak kuwa ko a jikinsu.

Ba sabon abu ba ne. Kamfanin Bosch da Mercedes suka fito da birkin ABS na zamani, mai hana taya daskarewa in an taka birki, a 1978, sannan ESP a 1995. Amurka ta wajabta ta a kan duk ƙananan motoci daga samfurin 2012, Tarayyar Turai ta bi sahu a kan duk sabuwar mota daga Nuwamba 2014. Cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshorar Amurka, IIHS, ta gano cewa tana rage kusan rabin haɗurran kisa irin waɗanda mota ke ƙwacewa ita kaɗai ba tare da ta yi karo da wata ba. Irin haɗarin nan ke nan da mukan ji an ce "mota ce ta ƙwace masa ta wuntsila". Galibin motocin da muke saye daga waɗannan ƙasashe suke zuwa. Mun biya kuɗin na'urar a cikin kuɗin mota, sannan mu zo mu kashe ta da hannunmu.

"Tana rage wa mota ƙarfi"

Wannan ita ce hujjar ɗan ƙanwata, kuma gaskiya ne tana ragewa. Tambayar ita ce, wane ƙarfin take ragewa? Wanda taya ta riga ta kasa sauke shi a ƙasa. Kamar jaki ne a bakin rijiya mai santsi: duk yadda ka zabga masa bulala, ƙafarsa ce za ta ƙara zamewa, ba tafiya zai ƙara ba. Jim ɗin nan da direba ke ji yana jin haushi, ba gudu aka ƙwace masa ba. Juyin banza aka hana taya.

Abin ya fi muni a mota mai turin baya, irin yawancin Mercedes da BMW da wasu Lexus, da Hilux idan babu kaya a bayanta. Mota mai jan gaba kamar Corolla ko Golf, in tayarta ta sulɓe, hancinta ne ke ƙin shan kwana, kuma da ka ɗaga ƙafa daga totur sau da yawa sai ta dawo hanya. Mai turin baya kuwa gindinta ne ke fita. Kana cikin kwana ka ƙara wuta, kafin ka ce kwabo kana kallon inda ka fito. A filin da babu kowa wannan abin dariya ne ga samari. A shataletalen cikin gari, gefenka ɗan acaba ne ɗauke da mace da goyo.

Masu jif kuma suna da tasu hujjar: "Tawa ƙafa huɗu ke ja." Ja huɗu yana taimaka wa mota ta tashi a santsi, ba ya ƙara mata komai wajen tsayawa. Kowace mota a duniya birkin ƙafa huɗu gare ta. Hasali ma mai ja huɗu ta fi yaudarar direba, domin takan tashi lafiya ba tare da ta nuna masa hanya ta yi santsi ba, sai ya zo tsayawa da nauyin da ya haura tan biyu sannan ya gane.

"Iyayenmu sun tuƙa Fijo babu wannan tarkacen"

Wani dattijo a majalisarmu, tsohon direban haya da ya yi shekaru yana Katsina zuwa Kano, shi ya faɗa mini haka, kuma ina girmama shi. Sun tuƙa 504 ɗin da ake haɗawa a Kaduna cikin ruwa da iska, babu kwamfuta babu sensa, sun kai fasinja gida lafiya.

Amma 504 ɗin nan ta Kaduna ƙarfinta bai kai doki 100 ba. Camry mai silinda shida, samfurin 2007, doki 268 gare ta. Wato yaron da ya karɓi makulli bara yana riƙe da kusan ninki uku na abin da dattijon nan ya riƙe bayan ya yi shekaru yana yaron mota. Kuma tsohuwar mota tana magana da direbanta. Sitiyari na rawa a hannu, iska na shigowa ta ko'ina, in ka kai 100 duk jikinka ya san ka kai. Motar yanzu gilashi a rufe, sanyi na busawa, karatu ko waƙa na tashi, kana 140 kamar kana zaune a falo. An ƙara mata ƙarfi, an rage mata gargaɗi. 'Yar wutar nan mai ƙiftawa tana cikin ɗan abin da ya rage da mota ke gaya wa direba gaskiya da shi.

Sannan mu tuna, masu ba mu labarin 504 su ne waɗanda suka rayu. Kowane tsohon direba a tashar nan yana da sunayen abokan aikin da damina ta tafi da su a hanya, in ka zauna da shi zai lissafa maka.

Inda masu kashewa suke da gaskiya

Akwai wuri ɗaya. In ka kauce daga kwalta za ka gona, mota ta kafe a laka ko ta nutse a rairayi, wani lokaci sai taya ta yi juyi sosai ta watsar da taɓo kafin ta samu abin kamawa. A nan na'urar kan hana ka fita, domin tana ta rage wuta. Don haka aka yi maɓallin. Ka kashe, ka fita, ka mayar kafin ka hau kwalta. Haka kuma gaskiya ne a kan tsakuwa ko yashi mai taushi ABS na iya sa mota ta ɗan ƙara nisa kafin ta tsaya, sai dai tana barin sitiyari na aiki a hannunka. Iyakar abin ke nan.

Baƙin salatif a kan wutar ABS

Wannan shi ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, domin ya fi kashe maɓalli yawa nesa ba kusa ba.

Na'urorin nan uku, ABS da tarakshan da babbar yayarsu, sensar ƙafafun nan suke rabawa. In sensar ƙafa ɗaya ta mutu, ko wayarta ta tsinke, a yawancin motoci duka ukun ne ke ajiye aiki. Kuma abin da ke kashe ta ba wani babban abu ba ne. An canza boris an sa wanda bai dace ba. An kwance ƙafa an fizgi waya. Laka da ƙurar ƙarfe sun toshe bakin sensa. Gyaran wani lokaci bai wuce wankewa ko haɗa waya ba.

Na taɓa kai motata gareji da wutar ABS a kunne. Bakaniken ya leƙa ya ce, "Alhaji, wannan ba komai ba ne, birkinka na kamawa ai. In tana damunka sai mai wayarin ya cire ƙwan." Ya faɗa da zuciya ɗaya, yana ganin sauƙi yake nema mini. Na ce a'a, a sa mata kwamfuta. Aka sa, ta nuna ƙafar baya ta dama. Waya ce ta goge a jikin ƙarfe.

Wasu ba sa ma wahalar cire ƙwan, baƙin salatif suke liƙawa ta ciki. Mota ta zo wurin dillali fes, babu wuta ko ɗaya, mai saye ya yi murna. Ga yadda za ka gane: in ka murza makulli kafin injin ya tashi, dole wutar ABS da ta hoton mota mai zamewa su kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan su mutu. In ba su kama ba sam, an taɓa su. Wannan dubawar ba ta cin ko sisi, amma mutum zai yi awa guda yana duba fenti da kujeru bai yi ta ba.

Akwai kuma masu zuwa da kansu su ce a cire musu ABS, wai birki na rawa a ƙafa yana gurnani. Wannan rawar ita ce aikin. Na'urar ce ke kamawa tana saki sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya don kada taya ta daskare ta ja ƙasa, domin tayar da ta daskare ba ta jin sitiyari. Tsofaffin direbobi sun koya mana a riƙa famfa birki a santsi, kuma daidai ne a motar da ba ta da ABS. A mai ABS kuwa, ka taka da ƙarfi, ka riƙe, ka karkata inda kake son zuwa. Wanda ya ji rawar ya tsorata ya ɗaga ƙafa, ya saki birki a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Ina ganin ya kamata duk mai mota ya nemi fili babu kowa, a ƙaramin gudu, ya taka sau ɗaya ya ji yadda abin yake, kada ranar farko da zai ji ta zama ranar da yaro ya gifta masa.

Ba na ɗora wa masu gyara laifin duka. Mafi yawansu a kan motocin da babu kwamfuta suka koyi aiki, kuma mai mota ne ke tsaye a kansu yana cewa a yi mai arha. In mun fara ƙin karɓar mota da wuta a kunne, za su nemi na'urar dubawa su koya.

Na'ura ba ta ƙirƙirar riƙo

Yanzu bari in juyo kan waɗanda suka yarda da ni fiye da kima. Akwai mai cewa motarsa ta zamani ce, komai na aiki, don haka ruwa bai dame shi ba. Wannan ya fi ɗan ƙanwata shiga haɗari, domin shi ko tsaki ba zai ja ba.

Kwamfuta rabon abin da ke akwai take yi. In riƙon da ke tsakanin taya da kwalta kaɗan ne, za ta raba kaɗan ɗin da adalci. In babu, babu abin rabawa. Uwar gida komai iya rabonta, ba ta cika kwanuka daga tukunyar da ba komai.

Zanen da ke jikin taya ba ado ba ne, magudanun ruwa ne. Aikinsu su kwashe ruwan da ke gaban taya su watsar gefe don roba ta taɓa ƙasa. In zanen ya suɗe, ko gudu ya fi ƙarfin kwashewar, sai taya ta hau kan ruwa ta zama kwalekwale. Sitiyari ya yi sakayau a hannu, ƙarar injin ta ɗan tashi, mota ta daina jin magana. Da suɗaɗɗiyar taya wannan na iya faruwa tun gudu bai kai kilomita 80 ba. A wannan halin babu ESP ɗin da zai cece ka, domin birkin da zai taka a kan ruwa zai taka shi. Abin yi shi ne ka sassauta totur a hankali, ka riƙe sitiyari a miƙe, kada ka fizga, kada ka daka birki, har taya ta sake samun ƙasa.

A Turai doka ta hana tafiya da tayar da zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba, kuma masu yin taya suna sa wasu 'yan tudu a cikin zanen. In roba ta cinye har ta yi daidai da tudun, taya ta gama aiki. Mu kuwa sai mun ga waya ta leƙo. Sannan yawancin abin da muke saye na hannu ne, tayar da wani ya gama da ita a wata ƙasa, ta zauna a kwantena, ta zo ta sha ranar Katsina a bakin shago. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, ta bushe ta yi tauri, kuma busasshiyar roba ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta ko da zanenta na nan. Shekarunta a rubuce suke a gefenta: bayan haruffan DOT, lambobi huɗu na ƙarshe, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2316, an yi ta a mako na 23 na 2016.

Na san abin da za a ce, taya sabuwa ta yi tsada. Ta yi, ba na musu. Amma wanda ya iya sayen mota mai silinda shida yana zuba mata mai a farashin yau, bai kamata a ce taya ce ta gagare shi ba. Na sha ganin mota an sa mata rim na ƙawa da baƙin gilashi da manyan lasifika, tayoyinta huɗu kamfani huɗu, girma biyu. Bambancin girman nan kansa yana rikita sensa, domin ƙaramar taya ta fi babba saurin juyawa, kwamfuta ta ɗauka zamewa ce.

In kuɗin biyu kawai gare ka, masu yin taya sun ce sababbin su tafi baya, ko da motar mai jan gaba ce. Mai faci zai yi maka gardama, ni ma na yi gardamar da farko. Dalilin shi ne in gaba ya zame kana da sitiyari kana ji a hannunka, in baya ya zame sai dai ka ga duniya na juyawa. Sai batun iska. A jikin ƙofar direba akwai takardar da ke faɗin awon da motar ke so, galibi tsakanin 30 da 35. Masu faci da yawa sukan zarce haka nesa, wai don taya ta yi ƙarfi. Iska ta yi yawa, tafin da ke taɓa ƙasa ya ragu. Ta yi kaɗan, taya ta fi saurin hawa ruwa. Ka tsaya a kansa ka kalli geji.

Kwaltarmu ba irin tasu ba ce

Mu nan wata bakwai zuwa takwas muke yi babu ɗigon ruwa. Duk tsawon rani baƙin mai na ɗiga daga manyan motoci, ƙurar hunturu na kwanciya, roba na gogewa a kan titi. Ruwan farko ba ya wanke wannan, kwaɓa shi yake yi ya zama kamar miyar kuɓewa. Shi ya sa yayyafin farkon damina ya fi mamakon Agusta santsi, kuma a lokacin ne hannun direbobi ya manta da tuƙin ruwa.

In damina ta zauna kuma sai wata matsalar. Ruwa na kwaso yashi daga lunguna ya shimfiɗa a bakin kwana da shataletale. Ramuka su cika su ɓoye. A hanyar Daura ta Mashi, ko hanyar Kano wajen Charanchi da Kankia, sawun manyan motoci kan riƙe ruwa a tsaye, ga shanu na tsallakawa, ga masu babur sun duƙar da kai suna sauri su tsere wa ruwa ba sa waige. Dokar hanya ta ba ƙaramar mota 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, kuma wannan iyaka ce ta busasshiyar rana. A gudun 100 mota na cin kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya. Nisan tsayawa a jiƙaƙƙiyar kwalta yakan ninka na busasshiya, kuma in ka ninka gudu, nisan birki sau huɗu yake ƙaruwa, ba sau biyu ba. Katsina zuwa Daura tafiyar kusan kilomita 80 ce. Tsakanin wanda ya yi ta a 120 da wanda ya yi ta a 80, minti 20 ne. Ban san ɗaurin auren da minti 20 zai hana a ɗaura ba.

Na'urar nan mai riƙe gudu da kanta a doguwar hanya, a kashe ta in ana ruwa, ƙafarka ta zama ita ke ji. A kunna fitila don a gan ka. In ruwan ya kai waifa ba ta iya share shi, a nemi wuri a kauce daga titi gaba ɗaya a jira. Ruwanmu da wuya ya daɗe da ƙarfinsa.

Tsautsayi

In aka yi haɗari, kalmar da ke fara fitowa bakinmu ita ce tsautsayi, wanda aka ce ba ya wuce ranarsa. Na yi imani da ƙaddara, kuma ba zan je gidan makoki in tsaya ina lissafin laifin mamaci ba. Amma mutumin da ya miƙa yatsa ya kashe abin da aka sa don ya kare shi, ya zaɓa ne. Wanda ya ga waya ta leƙo daga tayarsa ya ce sai bayan Sallah, ya zaɓa ne. Addinin da ya koya mana ƙaddara shi ya hana mu jefa kanmu cikin halaka, ya kuma ɗora diyya da kaffara a kan kisan kuskure. Da kuskure ba ya da nauyi, da ba a ɗora masa komai ba.

Kuma nauyin ba a kan mai motar ya fi faɗawa ba. Shi yana cikin ƙarfe, da bel, da jakar iska. Wanda ke waje shi ne mai tura ruwa a kura, da almajirin da ya raɓe a gindin kwalbati, da 'yan makarantar Islamiyya da aka taso ana yayyafi. Su ba a tambaye su ba kafin a danna maɓallin.

Iyaye masu saya wa yara manyan motoci, da ku nake musamman. Kafin ku miƙa makulli, ku zauna a gefensa rana ɗaya ana ruwa ku ga yadda ƙafarsa take.

Ɗan ƙanwata ya dawo ranar Asabar, na ce mu zagaya motar tare. Muka tsuguna muna karanta gefen tayoyin. Na baya biyun sun haura shekara takwas, ɗaya har ta fara tsattsagewa a gefe, kuma su ne injin ke turawa. Ya yi shiru, can ya ce, "Ashe shi ya sa wutar ke yawan kamawa." Ya canza su cikin makon. Na gaba biyun sai ƙarshen wata in ciniki ya yi kyau, kuma na gaya wa mahaifiyarsa a gabansa cewa kafin nan, in hadari ya haɗo, motar nan ba ta hau hanyar Kano.